Shawara: Lauya ce mai ADHD, wa'adin kotu yana kuɓuce mata

Assalamu alaikum. Ni lauya ce, shekarata huɗu da fara aiki. Ina zaune a Agege, ofishinmu yana Ikeja. Wata uku da suka wuce likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar min ina da ADHD, wato lalurar da ke hana hankali tsayuwa a kan abu ɗaya. A gaban alƙali ba ni da matsala, ogana ma yakan ce ina da baki. Aikin tebur ne ke neman kayar da ni. Sai in yi kwana goma ina kallon fayil ban rubuta komai ba, daren ƙarshe in kwana ina rubutu. Kwanan baya ɗaya ɓangaren ya kawo mana takardar roƙo a wata shari'a da ke Babbar Kotun Jiha, na jefa ta cikin jaka na manta, har kwanakin martani suka wuce, kuma ban faɗa wa oga ba. Likita ya rubuta min magani amma ban fara sha ba, don a gida ana cewa ƙwaya ce, gwaggota ma ta ce ruƙiyya ya kamata a yi min. In faɗa wa oga lalurata? In sha maganin? Ko dai aikin lauya ba nawa ba ne?

Barista, daga Agege

Wa alaikumus salam, Barista. Allah ya kawo sauƙi. Tambaya uku kika yi, amma akwai abin da ya fi su gaggawa, wato takardar nan da ke cikin jakarki. Da ita za mu fara.

Gobe da safe, kafin ki taɓa wani fayil, ki shiga ofishin oga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin lauyan ɗaya ɓangaren a gaban alƙali. Ki taƙaita magana: ga ranar da aka kawo takardar, ga yawan kwanakin da suka wuce, ga abin da na riga na shirya. Kada ki shiga hannu rabbana. A daren yau ki rubuta takardar rantsuwa ta martani da jawabin da ke rakiyarta, sannan roƙon ƙarin lokaci tare da roƙon a ɗauki abin da aka shigar a makare a matsayin wanda aka shigar daidai. A ƙa'idojin Babbar Kotun Jihar Legas na 2019 kwana 7 ake bayarwa don wannan martani, tarar jinkiri kuma naira 1,000 ce a kowace rana, don haka duk wayewar gari kuɗin yana hawa, uzurin kuma yana ƙara rauni. Akawun ofis ne ya kamata ya yi rantsuwar bisa bayanin da kika ba shi, tunda ba a son lauyan da ke gudanar da shari'a ya zama shaida a cikinta. Kada a rubuta dalilin ƙarya. Kuskuren lauya dalili ne da kotuna suka saba ji, kuma sau da yawa sukan ƙi ɗora wa mai shari'ar laifin lauyansa. Rantsuwar ƙarya kuwa laifi ce da za ta iya kai ki gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Ki kuma kira lauyan ɗaya ɓangaren ki sanar da shi cikin girmamawa. Da yawa ba sa jayayya a kan irin wannan roƙon.

Yanzu ga abin da muke so ki riƙe. Yadda kike haskakawa a kotu kina kuma tsayawa cik a tebur shi ne ainihin kamannin wannan lalura. ADHD tana taɓa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe abu na ɗan lokaci, yana auna wucewar lokaci, yana kuma tayar da mutum ya fara aiki. Sinadaran da ke kai saƙo a wannan sashe, dofamin da noradirenalin, sun fi motsawa idan abu sabo ne, ko mai daɗi, ko kuma wuta ta riga ta kama. Kotu tana da duka ukun: ga alƙali yana kallonki, ga abokin hamayya, ga amsa da ake so nan take. Fayil da wa'adinsa ke nan da kwana 21 ba shi da ko ɗaya, shi ya sa jikinki ba ya jin sa sai ya rage sa'o'i. Masu kiran wannan lalaci ko shiririta ba su ga daren da kike kwana a zaune ba. To amma dokar lokaci ba ta san da lalura ba. Saboda haka daga yau kada ki sake ajiye kwanan wata a kanki, kuma kada ki zama ke kaɗai kika san shi.

Mu ɗauki ramin da takardar nan ta faɗa. Tsakanin lokacin da takarda ta shigo hannunki da lokacin da aka rubuta wa'adinta, nan ne abubuwa ke ɓata. Dokarki ita ce: takardar kotu ba ta shiga jaka, ba ta hawa kan tebur, sai an yi mata abu uku a tsaye. Ki rubuta ranar karɓa a samanta da jan biro. Ki buɗe littafin ƙa'idojin kotun da abin ya shafa ki ƙirga wa'adin, da idonki a kan shafin, don kwanakin sun bambanta kuma ƙwaƙwalwa takan cakuɗa su. Takardar kare kai kwana 42 ce a Babbar Kotun Jihar Legas, amma kwana 30 ce a Babbar Kotun Tarayya. Ɗaukaka ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba wata uku ne idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 kacal idan hukuncin tsakiyar shari'a ne. A Kotun Ɗaukaka Ƙara, jawabin mai ɗaukaka ƙara kwana 45 ne daga karɓar kundin shari'a, na wanda ake ƙara kwana 30. Abu na uku, ki shigar da ranar a wuri biyu: kalandar waya da babban dayarin ofis wanda akawu ko sakatariya ke riƙe da shi. Duka wannan bai fi minti huɗu ba.

Akwai wa'adin da ya kamata a yi musu wata alama ta daban, domin su ba a roƙon ƙari a kansu. Shekara 6 na ƙarar karya yarjejeniya da shekara 12 na ƙwato fili a dokar ƙayyade lokaci ta Jihar Legas, wata 3 na ƙarar jami'in gwamnati a kan aikinsa, kwana 21 na ƙorafin zaɓe, kwana 14 na rikicin kafin zaɓe. Idan waɗannan suka wuce, haƙƙin mutum ya tafi, kuma dokar lauyoyi ta ba shi damar ya kai ki ƙara kan sakaci. Ranar da sabon kwastoma ya zauna a gabanki, kafin ya gama ba da labari, ki tambaye shi yaushe abin ya faru, ki ƙirga, ki rubuta ranar mutuwar ƙarar a bangon fayil da manyan haruffa.

Shigar da rana ɗaya a kalanda bai isa ba, kuma a nan ne mutane da yawa masu ADHD ke tuntuɓe. Idan wayarki ta yi ƙara ranar da wa'adi ya cika, labarin mutuwa ta kawo miki. Ki yi lissafin daga baya zuwa gaba. A ce an rufe shaida, kina da kwana 21 na jawabin ƙarshe. Rana ta 1 ki nemi kwafin bayanan zaman kotu daga magatakarda, don yakan ɗauki lokaci. Rana ta 3 ki fitar da batutuwan da kotu za ta warware, ko da layi uku ne. Rana ta 10 rubutun farko ya kammala, komai muninsa. Rana ta 13 yana kan teburin oga. Rana ta 17 a shigar. Kwana huɗun da suka rage na Legas ne: intanet ɗin shigar da takardu ta tsaya, biyan kuɗi bai nuna ba, an ɗauke wuta injin buga takarda ya mutu, oga yana Abuja. Kowace daga waɗannan ranaku ta samu ƙararrawarta.

Sai dai ƙwaƙwalwarki ta san ke kika ƙirƙiri rana ta 10, kuma za ta yi watsi da ita cikin mako biyu. Abin da ke ba ta haƙori shi ne wani mutum. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki samu abokiyar aiki ko babban lauya a ofis ki ce masa, "Ranar Laraba ƙarfe huɗu zan kawo maka rubutun farko, idan ban kawo ba ka zo teburina ka tambaye ni." Kunyar idon mutum tana tayar da abin da ƙararrawa ba ta tayarwa. Haka kuma kowace Litinin da safe, minti 20, ke da akawu ku zauna ku bi fayilolinki ɗaya bayan ɗaya: mene ne mataki na gaba, wa zai yi, yaushe. Ku gwada dayarin ofis da kalandar wayarki, duk inda suka saɓa a koma fayil a duba. Idan ofishinku ba shi da wannan al'ada, ki fara da fayilolinki kawai, babu wanda zai hana ki.

Batun fara rubutu kuma. "Rubuta jawabin ƙarshe" aiki ne da ba shi da bakin kamawa, shi ya sa kike kallon fayil kina jin nauyi a ƙirji. Ki rage shi har ya zama abin da hannu zai iya yi cikin minti biyar: buɗe jawabin da aka taɓa yi a irin wannan shari'a, canza sunan kotu da lambar ƙara, jera shaidu da takardun da aka karɓa. Da hannu ya fara motsi, sauran yakan biyo. Tunda kina da baki, ki yi amfani da shi: ki tashi tsaye ki yi wa wayarki bayanin hujjarki kamar alƙali ne a gabanki, minti goma, sannan ki zauna ki mayar da shi rubutu. Ki saka agogo na minti 25, ki huta 5, wayar kuma tana cikin aljihun tebur a rufe. Idan zama ke kaɗai ya gagara, ki ɗauki kwamfutarki zuwa ɗakin karatun ofis inda wani ke aiki shiru. Kasancewar mutum a gefe tana riƙe hankali ko da ba ku yi magana ba. Lokutan sallah ma iyakoki ne da ba ki buƙatar ƙirƙira: abu ɗaya mai nauyi kafin Azahar, amsa saƙonni da kiran waya tsakanin Azahar da La'asar, shirin gobe bayan La'asar.

Akwai kishiyar wannan matsala, wato nutsewa. Kin shiga neman hukunci ɗaya na Kotun Ƙoli, sai ki farga ƙarfe uku ta yi kina karanta na goma sha biyu a kan batun da ba a tambaye ki ba. Kafin ki buɗe kundin hukunce-hukunce, ki rubuta tambayar da kike nema a takarda ki manna a gaban kwamfuta, ki ba ta minti 45. Duk abin sha'awa da ya gitta, ki rubuta sunansa a gefe ki wuce.

Kuma kada ki shigar da abin da kika gama rubutawa a wannan zaman. Kurakuran ADHD ƙanana ne amma masu tsada: lambar ƙarar wata shari'a da ta rage daga tsohon rubutu, sunan wanda ake ƙara ba daidai ba, takardar shaida da aka ambata ba a haɗa ba, hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA da aka manta. Sa hannu ma haka. Tun hukuncin Okafor da Nweke na 2007 Kotun Ƙoli ta tsaya a kan cewa takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba sunan lauyan da ke cikin rajista ba, ba ta da inganci, kuma ƙararraki da yawa sun rushe a kan wannan. Ki buga jerin waɗannan abubuwa a takarda ɗaya, ki bi shi da biro kowane lokaci, a kan kwafin da aka buga, kina karantawa a bayyane. Kuɗin lasisin aiki na shekara ma yana cikin irin abin da ke kuɓucewa: wa'adinsa 31 ga Maris, ke ki biya a makon farko na Janairu.

Ranar kotu tana da nata tarkon. Ƙwaƙwalwa mai ADHD takan tuna tafiyar da ta fi sauri da aka taɓa yi, ta ɗauke ta a matsayin ma'auni. Daga Agege zuwa kotun Ikeja kusa ne, amma ranar da shari'arki take Babbar Kotun Tarayya a Ikoyi, gadar Third Mainland ce ke yanke hukunci. Ƙararrawarki ta zama ta lokacin fita daga gida, kuma ki ƙirga ta da mafi munin cunkoson da kika sani. Jaka a shirya ta tun dare a ajiye bakin ƙofa: fayil, hula da riga, kwala, hatimi, hukunce-hukuncen da za ki kafa hujja da su. Tunda manyan lauyoyi masu muƙamin SAN ake fara kiran shari'arsu, za ki iya zama sa'a biyu ko uku kina jira, don haka ki tafi da ƙaramin aikin karatu a takarda. Abu mafi muhimmanci yana zuwa bayan an tashi: kada ƙafarki ta bar harabar kotu sai kin rubuta ranar da aka ɗage shari'ar da duk umarnin da alƙali ya bayar a bangon fayil da kalanda, kin kuma tura wa akawu. Idan kika ce sai kin koma ofis, kira biyu da gaisuwa uku a hanya sun isa su shafe ranar.

Saƙonnin kwastomomi a WhatsApp a duba su sau biyu a rana, a lokacin da kika tsayar, kuma duk wanda ke ɗauke da aiki a mayar da shi cikin jerin ayyuka nan take, don saƙon da aka buɗe ya ɓata. Kuɗin kwastoma kuwa kada ya kwana a asusunki ko jakarki ko da dare ɗaya. Ya tafi asusun kwastomomi na ofis ranar da ya zo, da rasit. Mantuwa a nan ba ta da bambanci da cin amana a idon kwamitin ladabtarwa.

Magani. Shawararmu ita ce ki koma wurin likitan da ya rubuta miki, ki faɗa masa tsoronki, ki gwada. Wanda aka fi rubutawa shi ne metilfenidet, da ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta. Mai gajeren zango yana aiki kamar sa'a 3 zuwa 4, Concerta kuma har kusan sa'a 12. Akan fara da kaɗan, kamar miligiram 5 sau biyu ko uku a rana, ko miligiram 18 na mai dogon zango, wato Concerta, likita yana ƙarawa a hankali har a samu ma'aunin da ya dace da ke. Akwai kuma atomoksetin, wanda ba ya cikin magunguna masu zaburar da ƙwaƙwalwa irin metilfenidet, amma yakan ɗauki makonni huɗu zuwa shida ko fiye kafin a ga amfaninsa, don haka kada a yanke masa hukunci a mako na farko. Kafin a fara dole a auna hawan jini da bugun zuciya, a tambayi tarihin ciwon zuciya a gidanku, a kuma ci gaba da aunawa bayan kowane ƙari. Abubuwan da aka fi kuka da su: rashin cin abinci, bushewar baki, ciwon kai, da rashin barci idan an sha da yamma. Ki karya kumallo sosai kafin ki sha, ki rage kofi, goro da lemon ƙara kuzari. Idan kina da ciki, kina shirin ɗauka, ko kina shayarwa, ki faɗa wa likita kafin ƙwaya ta farko. Kafin azumin Ramadan ma ku zauna ku tsara lokacin sha, don wanda aka sha da sahur zai iya sakinki kafin a tashi daga aiki. Ki fara a ƙarshen mako, kada ranar farko ta zama ranar da kike yi wa shaida tambayoyi.

Tsoron mutanen gida yana da tushe, sun ga abin da taramadol da kodin suka yi wa samari a unguwanni. Metilfenidet ma magani ne da hukuma ke sa wa ido, ana iya yin amfani da shi ta muguwar hanya, shi ya sa ba a bayar da shi sai da takardar likita. Ki saya a kantin magani mai rajista ko na asibiti kawai, kada ki karɓa daga hannun kowa, kada ki ba kowa naki, kada ki ƙara da kanki don kina da jawabi gobe. Ba kowane kanti ke ajiye shi ba, don haka ki sa ƙararrawar sabuntawa kwana goma kafin ya ƙare. Idan kina son jin ta bakin wani likitan, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, da sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Gwaggo kuma ki karɓi addu'arta hannu biyu, neman magani da addu'a ba su taɓa saɓawa ba. Idan za ta yarda, ki tafi da ita ko Mama ganin likita sau ɗaya su yi tambayoyinsu da kansu. Lalurar tana bin jini ƙwarai, mai yiwuwa suna jin bayanin su tuna wani a dangi. Ki sani kuma maganin yana taimaka miki ki zauna a kan aiki ne, amma ba zai rubuta wa'adi a kalanda ba. Tsarin da muka faɗa a sama yana nan ko kina sha ko ba kya sha.

Faɗa wa oga: ki raba maganar gida biyu. Gobe maganar takarda ce kawai. Idan kika haɗa ta da sunan lalura a zama ɗaya, zai ji ta kamar uzuri, kuma duk kuskuren gaba da ita zai auna shi. Bayan mako biyu ko uku, idan ƙura ta lafa, ki koma da buƙatu ƙayyadaddu: a riƙa ba ki umarni a rubuce maimakon a baki a kan hanyar fita, a ba ki ranar kawo rubutun farko, akawu ya riƙe kwafin wa'adinki, a bar ki sa'a biyu da safe ba a turo miki kowa ba. Babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar ki ambaci ADHD, kuma kowane oga mai hankali zai ga amfaninsu ga ofis. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta hana nuna wariya ga masu irin wannan lalura, har a wurin aiki, amma duniyar lauyoyin Legas ƙarama ce, magana tana yawo, kuma abin da ya fita baki ba ya dawowa. Idan kin san oga mutum ne mai riƙe sirri, ki faɗa masa a lokacin da aikinki ke tafiya daidai, da takardar likita a hannu.

Barin aiki kuwa, ba yanzu ba. Wadda ke iya tsayawa gaban alƙali ta yi tunani da sauri tana da abin da ba a koya a makarantar lauyoyi. Ki ba wannan tsari da maganin wata shida. Idan bayan haka har yanzu yawan fayiloli na neman fin ƙarfinki, ki nemi a rage su, ko a haɗa ki da lauyan da ya fi son rubutu da bin takardu, ke ki ɗauki tsayuwar kotu da zaman sasanci. Ki sake rubuto mana a lokacin, da adadin wa'adin da kika cika da waɗanda suka kuɓuce, mu duba inda tsarin ke yoyo.